Mu Ajiye Kwalin Cakulan, Mu Ɗauki Fartanya



Kowa ya san halin da azuzuwanmu suke ciki. Wasu bencina sun karye, mutum huɗu ne ke matsuwa a wurin mutum uku, wasu kuma a ƙasa suke ɗaukar darasi. Tagogin da suka ɓalle suna shigo mana da ƙura duk lokacin hunturu. Da aka ce ɗalibai ma su kawo tasu gudummawa, sai wasu suka ba da shawarar a saro kwalayen cakulan da alewa a riƙa sayarwa idan an fita tara. Mun gode musu da wannan tunani, amma mu ba mu goyi bayansa ba. Ga dalilanmu.

Na farko, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Yawancin kuɗin da za mu tara na kamfani ne da ɗan sari, mu ɗan abin da ya hau kai kawai za mu samu. Kuma cakulan ba ya jure zafi, ko a tafin hannu narkewa yake yi. A watan Afrilu zafin garinmu yakan kai digiri 40. Kwali ɗaya ya narke a ofis, uwar kuɗi da riba duk sun tafi.

Na biyu, lafiyarmu. A darasin kimiyya an koya mana cewa ƙwayoyin cuta da ke cikin baki suna cin sukari, su fitar da wani sinadari mai tsami da ke cinye haƙori. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu a rana. Ba daidai ba ne a koya mana haka da safe, sannan ƙarfe tara mu riƙa tallan kayan zaƙi a bakin aji.

Na uku, wa zai saya? Mu ne dai. Kuɗin tararmu ne zai koma can, wanda kuma bai zo da ko sisi ba ya tsaya yana kallo cikin kunya.

To, me za mu yi? Muna da shawarwari uku.

Mu yi lambu. Akwai fili a bayan masallacin makaranta, kuma ruwan alwala kullum kwarara yake yi a banza. Idan muka ja ɗan lambatu, ruwan zai isa har cikin kwamaye. Alayyafo kamar wata ɗaya yake yi a fara yanka, kuma yana sake tohowa. Zogale ko reshe aka dasa yana kamawa, ba ya kuma son ruwa da yawa. Iri ba shi da tsada, taki kuwa akwai shi a gidan duk mai awaki. Malamanmu da maƙwabta suna sayen ganye a kasuwa, me zai hana su saya a wurinmu?

Mu tara robobi da gwangwanaye. Duk ranar Juma'a kowa ya zo da gorunan lemo da gwangwanayen da aka gama da su a gida, kowane aji da buhunsa. Idan sun taru a kira mai saye ya auna. Nan babu jari ko na ƙwandala, ga shi kuma kwatocinmu za su rage toshewa da damina.

Mu shirya ranar wasanni. A yi wasan kwaikwayo da kacici-kacici da ƙwallo tsakanin malamai da ɗalibai, a gayyato iyaye da tsofaffin ɗalibai, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa a asusu. Wanda ya taɓa zama a kan waɗannan bencina ba zai gan su a karye ya kau da kai ba.

Mun san wasu za su ce lambu yana da jinkiri, kuma awaki za su shiga. Gaskiya ne. Sai mu yi shinge da kara da ƙaya, a raba ban ruwa aji-aji, lokacin hutu kuma waɗanda ke kusa su riƙa leƙowa tare da baba maigadi. Sannu ba ta hana zuwa. Aikin ya zama bayan an tashi, kada kuma a tura kowa talla a titi.

Roƙonmu ga shugaban makaranta da malamin aikin gona shi ne a ba mu filin nan mu gwada na zango ɗaya. Duk abin da aka samu, malami ɗaya da ɗalibai biyu su ƙirga, a rubuta a manna a wannan allo, kowa ya gani da idonsa. Ranar da aka kawo sabon benci na farko, za mu san da guminmu aka saye shi.

Allah ya ba mu sa'a, amin.

Daga wakilan aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida