Dick Tiger: Zakaran Da Bai Kamata Ƙasar Nan Ta Manta Da Shi Ba

A ranar 14 ga watan Disamba na shekarar 1971 ne rai ya yi halinsa ga Richard Ihetu, wanda duniya ta fi sani da Dick Tiger, a garin Aba, yana da shekara 42, bayan ya yi fama da ciwon daji na hanta. Yau fiye da rabin ƙarni ke nan, kuma da za a tara matasanmu masu bin wasanni a tambaye su wane ne shi, da wuya a samu wanda zai ɗaga hannu. Wannan abin takaici ne, domin har yanzu Nijeriya ba ta haifi ɗan damben boko da ya kai shi ɗaukaka ba.

An haife shi a Amaigbo, cikin Jihar Imo ta yanzu, a shekarar 1929, kuma a kasuwar Aba ya fara neman na kansa kafin ya shiga dambe. A 1955 ya ƙetara zuwa birnin Liverpool na Ingila, inda aka ci shi a wasanni huɗu na farko da ya yi a jere. Da wani ne, da ya naɗe tabarmarsa ya dawo gida. Shi kuwa sai ya dage, har a 1958 ya buge Pat McAteer ya karɓi kambun daular Birtaniya na ajin matsakaita nauyi, wato waɗanda ba su wuce kilo 72 da rabi ba. Daga nan ya nufi Amurka, kuma a watan Oktoba na 1962 ya raba Gene Fullmer da kambun duniya a San Francisco, bayan turmi 15. Shi ne ɗan Nijeriya na biyu da ya riƙe kambun duniya, bayan Hogan Bassey da ya buɗe ƙofa a 1957.

Ranar da ta fi kowace girma a tarihinsa ita ce 10 ga Agusta, 1963, lokacin da ya kare kambunsa a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, wanda yanzu ake kira da sunan Obafemi Awolowo. Fullmer ya sha duka har aka tsayar da wasan bayan turmi na bakwai. A lokacin ƙasar nan ba ta cika shekara uku da samun 'yanci ba, 'yan siyasa na ta zaman doya da manja, amma a wannan dare ɗan Gabas ne ya yi dambe a ƙasar Yamma, kuma sunan Nijeriya aka kira, ba na wata ƙabila ba.

Abin da ya bambanta shi da sauran zakaru shi ne yadda yake tashi bayan faɗuwa. Joey Giardello ya ƙwace kambun a Disambar 1963, Tiger ya yi haƙuri kusan shekara biyu ya ƙwato abinsa a 1965. Da Emile Griffith ya sake raba shi da shi a 1966, sai ya haura ajin da ke sama, na masu kilo 79, ya kayar da José Torres a watan Disamba na wannan shekara, yana da shekara 37, ya zama zakaran duniya a aji na biyu. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon shekara sau biyu, a 1962 da 1965. Ba a san shi da cika baki ko almubazzaranci ba. Mutum ne mai tattali, wanda ya zuba abin da ya samu a gidaje da harkoki a gida.

To, me ya sa aka yi shiru da labarinsa? Ba za mu yi nuƙu-nuƙu ba: yaƙin basasa ne. Da rikici ya ɓarke a 1967, Tiger ya bi ɓangaren Biyafara, ya karɓi muƙamin laftana a rundunarta, ya riƙa yi mata yekuwa a Amurka, kuma a 1969 ya mayar wa Birtaniya da lambar girmamawar da ta ba shi, don nuna fushinsa kan goyon bayan da ta bai wa gwamnatin tarayya. Mu a nan Arewa muna da namu tabon. Ba mu manta da kisan gillar da aka yi wa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshinmu a Janairun 1966 ba, kuma muna nan a kan ra'ayinmu cewa raba ƙasar nan kuskure ne. Sai dai adalci ya wajabta mu tuna cewa su ma 'yan uwan Tiger sun yi asarar rayuka masu yawa a garuruwanmu a wannan shekara, da kuma a yunwar da ta biyo baya. Mutumin da ya ga gidansu na ci da wuta ya ruga can, ana iya saɓa masa ba tare da an shafe sunansa ba.

Kuma ya biya farashin zaɓinsa. Yaƙi ya cinye mafi yawan dukiyarsa, ta kai tsohon zakaran duniya yana aikin gadi a wani gidan tarihi a New York bayan wasansa na ƙarshe a 1970. Janar Yakubu Gowon ya shelanta a ƙarshen yaƙin cewa babu wanda ya ci nasara, babu wanda aka ci, kuma gwamnatinsa ta bar Tiger ya dawo ya cika a ƙasarsa. Idan har wanda ya jagoranci yaƙin ya buɗe masa ƙofa, mu da muka zo daga baya ba mu da hujjar rufe masa littafin tarihi. Abin kunya ne a ce Amurkawa sun sa shi a zauren tunawa da gwarazan dambe na duniya tun 1991, mu kuwa 'ya'yanmu ba su san sunansa ba.

Bahaushe ya fi kowa sanin cewa jarumi ba ya rayuwa bayan mutuwarsa sai da mai faɗar labarinsa. Shago ya daɗe da barin fage, amma saboda waƙar Ɗan Anace har gobe yaro ya san shi. Tiger bai samu makaɗi irin wannan ba, don haka nauyin ya koma kan malamai da 'yan jarida da hukuma. Ga kuma halin da wasan kansa yake ciki: dambe ne ya kawo wa Nijeriya lambarta ta farko a gasar Olamfik, ta hannun Nojim Maiyegun a 1964, amma tun bayan tagullar Duncan Dokiwari a 1996 ba mu sake samun ko ɗaya a wannan fanni ba.

Saboda haka muna kira ga hukumomin ilimi da su sanya tarihin Dick Tiger cikin abin da ake koya wa ɗalibai, cikakke, da daɗinsa da ɗacinsa. Muna kuma kira ga hukumomin wasanni da gwamnatocin jihohinmu da su kafa gasar matasa ta shekara-shekara da sunansa, a riƙa kewayawa da ita har Kano da Kaduna da Sakkwato, inda 'yan dambe suke jibge ba mai horar da su. Ƙasar da ke son haɗin kai dole ta koyi girmama gwarzon da ya taɓa saɓa mata. Allah Ya ba shugabanninmu ikon gyarawa, amin.