Gejin mai da maleji: gyaran da ba ya hana mota tashi, amma yana cin aljihu

A tashoshin mota na Arewa, daga Unguwa Uku a Kano zuwa Kawo a Kaduna, da wuya a leƙa gaban direban tsohuwar mota a tarar duka allurai suna aiki. Allurar gejin mai ta kwanta a kan harafin E tun shekarun baya, lambobin da ke ƙirga nisan tafiya kuwa sun daskare a inda suka tsaya ranar da wani ɗan haƙori ya karye a bayansu. Mota tana tashi, tana ɗaukar fasinja, tana dawowa, don haka mai ita ba ya ganin dalilin kai ta wurin mai gyara. Wannan lissafi ne mai kama da tsimi, amma asara ce a cikinsa. Waɗannan ma'aunai biyu su ne kaɗai hanyar da mota ke gaya wa mai ita abin da ta sha da nisan da ta yi, kuma gyaransu na daga cikin mafi araha a jikin mota.

Yadda suke aiki, da yadda suke mutuwa

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, wata igiyar ƙarfe ce mai juyawa take tasowa daga giyabos zuwa bayan agogon gudu. Juyawarta ke motsa allura, ita ce kuma ke tura wasu ƙananan ƙafafu masu haƙora da ke juya lambobi, ta yadda duk cikakken zagaye ɗaya na lamba ɗaya ke ɗaga ta kusa da ita mataki guda. Daga nan ake gane inda ciwo yake. In allurar gudu da lambobi sun mutu tare, to galibi igiyar ce ta tsinke, ko haƙorin da ke tura ta a giyabos ya cinye. In kuwa allura na aiki amma lambobi sun tsaya, matsalar tana cikin agogon kansa. A motocin Turai da yawa na shekarun 1980 da 1990, kamar wasu nau'o'in Mercedes da Volvo da BMW, ƙafar roba ce ƙarama, wadda faɗinta bai kai na kwabo ba, take tsagewa ko ta zubar da haƙori saboda tsufa da zafi. Motocin da suka biyo baya sun sauya igiya da na'urar lantarki mai ƙirga juyawa, amma hanyar binciken ba ta sauya ba.

Gejin mai ya fi wannan sauƙi. A cikin tanki akwai wani abu mara nauyi da ke shawagi a kan fetur, ɗaure da siririn hannun ƙarfe. Yayin da mai ke raguwa, hannun yana sauka, ƙarshensa kuma yana gogar wani ɗan faranti da ke rage ko ƙara ƙarfin wutar da ke zuwa wurin allura. Abin shawagin nan kan huje ya sha mai ya nitse, sai allura ta ce tanki babu komai ko da yanzu aka cika shi. Farantin kan goge, sai allura ta riƙa tsalle. Wani lokacin ma babu abin da ya lalace sai fiyus da ya ƙone ko wayar da tsatsa ta ci. Gwanin rewaya yakan cire wayar da ta fito daga tanki ya taɓa ta da jikin mota na ɗan lokaci. In allura ta zabura zuwa ƙarshe, ya san geji da waya lafiyarsu ƙalau, laifin yana cikin tanki. Abin da ya kamata mai mota ya kula da shi wurin sayen sabo shi ne kowane kamfani da ma'aunin da ya tsara: na'urar tankin wata mota kan shiga ramin wata daidai, amma ta sa allura ƙarya ko ta juya karatunta baibai. Aiki ne kuma da ake yi bayan an cire batir, a fili, nesa da wuta da taba, domin tururin fetur ya fi ruwansa saurin kamawa.

Abin da ake asara

Kafin ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin mai, direba na iya yin sakaci da lita biyu ko uku bai ji a jikinsa ba. Tun daga ranar farashi ya ninka, ya sake ninkawa, har mai ya zama mafi girman abin da mota ke ci a kullum. Hanya mafi sauƙi ta sanin shan mota ita ce a cika tanki, a rubuta lambar maleji, a yi tafiya, a sake cikawa, sannan a raba. Motar da, alal misali, ta sha lita 40 a kilomita 400 tana shan lita 10 ne a kowace kilomita 100. In bayan wata uku adadin ya koma 13, to akwai abin da ya taɓu: fulogi, ko matatar iska, ko iskar taya, ko tanki na yoyo, ko kuma wani yana zuƙa da tiyo. Wanda malejinsa ya mutu ba shi da wannan lissafi. Sai dai ya ji kuɗi na ƙarewa, ya zargi gidan mai, ya zargi yaron mota, ba tare da hujjar da zai kama kowa ba. Zato kuwa ya ɓata tsakanin masu mota da direbobinsu fiye da yadda sata ta ɓata.

Haka kuma duk jadawalin kula da inji a kan nisan tafiya aka gina shi. Juyen baƙin mai, sauya matata, da sauya bel ɗin da ke daidaita motsin inji, kowanne yana da adadin kilomitar da masu ƙera motar suka ƙayyade. A injina da yawa, in wannan bel ya tsinke ana cikin gudu, bawul da fistin kan yi karo, gyaran da ya kamata ya tsaya a kan bel ɗaya sai ya koma sauke inji. Akwai ƙarin tarko ga motocin da aka shigo da su daga Amurka, domin lambobinsu mil suke ƙirgawa, mil ɗaya kuwa ya haura kilomita ɗaya da rabi kaɗan. Motar da ke nuna 100,000 ta riga ta yi kusan kilomita 161,000.

Gejin mai kuwa ya wuce batun kuɗi. A motocin da famfon mai ke cikin tanki, fetur ɗin ne ke sanyaya shi, don haka yawan tafiya da ƙarshen tanki yana rage masa kwana. Direban da ba ya ganin allura yakan koma ɗaukar jarka a but, tare da kayan fasinja, cikin zafin bazara. In lissafinsa ya kuskure, yakan faɗa hannun 'yan bumburutu da farashinsu da gaurayensu. Tsayuwa a gefen titi a cikin gari abin haushi ne kawai. Tsayuwa bayan magariba a hanyar Birnin Gwari, da mata da yara a mota, don mai ya ƙare, wani abu ne daban.

Akwai uzurin da direbobi kan bayar, kuma ba a rasa gaskiya a cikinsa ba. Sukan ce sun san motarsu kamar yunwar cikinsu, sun san abin da za su zuba ya kai su Zariya ya dawo da su. Wannan sani yana aiki muddin hanya ɗaya ce, lodi ɗaya, direba ɗaya. Da zarar an yi cunkoso na awa biyu, ko an karkatar da hanya, ko an ba wani tuƙi, ya rushe. Kuma sanin da ke cikin kan mutum ɗaya ba ya bin mota ranar da aka sayar da ita.

Gyara da algus

A nan ne batun ya zama na amana. Hannun da ya iya buɗe agogo ya sauya ƙafar roba, shi ne ya iya mayar da lambobi baya, kuma maleji na lantarki bai tsira ba, tunda da kwamfuta ake sauya shi. Mayar da maleji baya tauye mudu ne: an karɓi kuɗin sabuwar mota a kan gajiyayyiya, an kuma ɓoye wa mai saye ranar da bel zai tsinke masa. Amurka ta haramta wannan da dokar tarayya tun 1972, kuma dokar ta tanadi abin da mai gyara na gaskiya zai yi. In ba zai yiwu a mayar da lambobi daidai inda suke ba, sai a sa su a sifili, a liƙa takarda a jikin ƙofar direba mai nuna tsohon adadi da ranar gyara. Beljiyam, wadda sunanta ya zama laƙabin motocin gwanjo a kasuwannin Nijeriya, ta kafa tsarin Car-Pass a 2006, inda ake adana lambar maleji duk lokacin da mota ta shiga gareji ko gwaji, kuma dole a miƙa wa mai saye takardar tarihin.

Mai tsohuwar mota a Kano ko Maraɗi ba sai ya jira doka ba. Ƙaramin littafi a aljihun mota ya isa: ranar da maleji ya tsaya, lambar da ya tsaya a kai, ranar da aka gyara, da ƙiyasin tafiyar da aka yi a tsakani. Wanda ya sayi agogo na hannu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya rubuta lambar da ya zo da ita kafin a ɗaura. Dillali na iya cewa wannan zai karya farashi, amma mai saye da ya ga littafi ya san abin da yake saya, kuma yakan fi sakin jiki da motar da aka faɗa masa shekarunta na gaskiya. Ƙungiyoyin direbobi da ke duba lodi da karɓar kuɗin layi a tasha suna da ikon ƙara abu ɗaya cikin abin da suke dubawa kafin motar doguwar tafiya ta ɗau fasinja: a kunna makulli, a ga allurar mai ta motsa.