Saurin Kifi-zaki: Awon da Wasu Ke Ɗauka Wasa Ne

Mai karatu, wannan makon za mu leƙa ƙarƙashin tekun Karibiyan, inda masana ke nutso da kyamarori domin auna saurin iyon wani kifi. Na san wani zai ce aikin marasa abin yi ne. Ni kuwa a ganina, abincin masunta masu yawa yana rataye da irin wannan awo.

Kifin shi ne kifi-zaki, wanda masana ke kira Pterois. Asalinsa tekun Indiya da na Fasifik ne. Kyawun zanensa ya sa ake kiwonsa cikin akwatunan gilashi don ado, kuma ana kyautata zaton masu kiwon ne suka sake shi a teku. A 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Fulorida ta Amurka, zuwa 2004 ya isa Bahamas. Yana da ƙayoyi 18 masu dafi, macen kan zuba ƙwai kimanin miliyan 2 a shekara, ga shi babu mai farautarsa sosai a sabon mazauninsa. Binciken Mark Albins da Mark Hixon na 2008 ya nuna cewa cikin makonni biyar ya rage 'ya'yan kifayen wurin da kashi 79 cikin 100.

Abin mamaki, wannan maɓarnaci ba shi da sauri. A 2022 masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun haɗa shi da ƙaramin kifin da ya ninka shi gudu, amma ya kama shi a kashi 61 cikin 100 na gwaje-gwajen. Dabararsa naci ce: yana bi ba ya tsayawa, da zarar na gaba ya dakata sai ya zuƙe shi. Ashe da gaske sannu ba ta hana zuwa.

To amma wancan gwaji a cikin tanki aka yi shi, inda babu igiyar ruwa, babu kogunan murjani na ɓuya. Shi ya sa ake komawa teku. Akan jera kyamarori biyu kamar idanun mutum, domin a lissafa tazarar da kifin ya ci cikin daƙiƙa, ko a maƙala masa 'yar na'ura mai fitar da sauti a bi sawunsa.

Amfanin a fili yake. Har yanzu babbar hanyar rage shi ita ce masu nutso su soke shi da mashi ɗaya bayan ɗaya, kuma kowace fita tana cin mai da kuɗi. In aka san saurinsa da nisan yawonsa, an san faɗin wurin da za a share da ranar da ya kamata a dawo. Saurin kuma yana nuna ƙarfin da yake ƙonawa, wanda ke nuna yawan abin da yake ci. Sannan tunda babban ba ya nisa, ƙwai da 'ya'yan da igiyar ruwa ke kwasa su ne ke yaɗa shi, don haka babu ƙasar da za ta yi yaƙin ita kaɗai.

Yanzu ɗan'uwansa ya ratso mashigin Suwez ya bazu a Bahar Rum, daga Lebanon zuwa Saifurus. Gwamnatin da ta ƙi biyan kuɗin awo yau, gobe masuntanta ne za su biya da komarsu.