Mai Tace Fim da Zaman Haya: Shawara Kan Sauya Manhaja da Kwamfuta

Ya 'yan'uwana ɗalibai, da yayyenmu da suka kama aiki a gidajen talabijin da ma'aikatun watsa labarai, akwai wata muhawara da ba ta ƙarewa a tsakanin masu sana'ar tace fim, watau wace manhaja ce ta fi, kuma wace kwamfuta ce ta cancanci a zuba mata kuɗi. Wannan ya ce Final Cut Pro a kan Mac, wancan ya ce Premiere a kan Windows, na uku kuwa ya rantse da DaVinci Resolve. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Tambayar da ta kamata kowa ya yi wa kansa ita ce: in na shiga wannan gida, ran da na tashi fita, zan iya fita da kayana?

Dalilin wannan tambaya yana cikin tarihi, kuma ba tarihi ne mai nisa ba. Kamfanin Apple na Amurka ya fito da Final Cut Pro a 1999, cikin shekaru goma ta zama abin dogaron dubban masu tace fim a duniya. A watan Yuni na 2011 sai kamfanin ya fito da sabuwa, mai suna Final Cut Pro X, wadda aka gina tun daga tushe. Da mutane suka saya, sai suka tarar ba ta buɗe ayyukan da aka yi da tsohuwar, watau Final Cut Pro 7. Haka kuma ba ta da hanyar tace hoton da aka ɗauka da kyamarori da yawa lokaci guda, sai a farkon 2012 aka mayar da wannan. Kamfanonin Adobe da Avid suka ga dama ta samu, suka karya farashi ga duk mai son ƙaura, jama'a kuwa suka yi ta tururuwa. Waɗanda suka nace wa tsohuwar manhajar ma ba su tsira ba, domin a 2017 sabon tsarin Mac ya daina ɗaukarta.

To, waɗanda suka koma Adobe fa? A watan Mayu na 2013 kamfanin ya ba da sanarwar cewa sababbin manhajojinsa ba na sayarwa ba ne, sai dai haya, a biya wata-wata ko shekara-shekara. Ran da ka kasa biya, ran nan ƙofa ta rufe, alhali kuwa aikinka yana ciki. Daɗin daɗawa, a watan Oktoba na 2019 Adobe ya shaida wa masu hulɗa da shi a ƙasar Benezuwela cewa zai rufe asusunsu, saboda takunkumin da gwamnatin Amurka ta sanya wa ƙasar. Daga baya ya sami izini ya janye, amma darasin ya riga ya fito fili. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu a nan namu gemun ya fi kusa da wutar. Mai tace fim a Kano ko Kaduna da naira ake biyansa, kuɗin haya kuwa da dala ake auna shi. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yuni na 2023, dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin hukuma. A watan Fabrairu na 2024 ta haura naira 1,500. Manhajar ba ta ƙara komai ba, amma nauyinta ya ninka fiye da sau uku a wuyan mai biya. Masana'antar da ta faro da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ta kuma ginu da ƙaramin jari, bai dace ta jingina rayuwarta ga abin da ba ta da iko a kansa ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne, ɗalibin da zai fara koyo yau, da wanda haya ta gallaba, su dubi DaVinci Resolve ta kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya. Tana da ta kyauta wadda ta isa yawancin aiki, babbarta kuma sau ɗaya ake saye. Abin da ya fi muhimmanci, tana aiki a kan Windows da Mac da Linux, ba kamar Final Cut Pro ba wadda ba ta hawa sai na'urorin Apple. Ban ce wannan kamfani waliyyi ne ba. Shi ma ɗan kasuwa ne, gobe yana iya sauya ra'ayi. Amma gidan da yake da ƙofa uku ya fi mai ƙofa ɗaya sauƙin fita.

Wani zai ce ai ya shekara biyar yatsunsa sun saba da manhaja guda, in ya bar ta ya koma ɗan koyo. Wannan tsoro ba shi da tushe mai ƙarfi. Walter Murch, wanda ya fara sana'a tun ana yanka fim da hannu ana liƙawa, ya tace The English Patient na 1996 da Avid har ya ci kyautar Oscar, ya tace Cold Mountain na 2003 da Final Cut Pro, sa'an nan ya tace Coup 53 na 2019 da Premiere. Gwaninta tana ga ido da kunne da sanin inda ya kamata a yanke. Maɓallai kuwa a hankali hannu yake sabawa da su.

Wani kuma zai yi murmushi ya ce shi bai taɓa biyan ko kwabo ba, ta sata yake amfani da ita. Wannan ma ba mafita ba ce. Manhajar sata takan zo da ƙwayar cutar kwamfuta, ba ta samun gyara daga masu ita, kuma abin kunya ne ga mutanen da kullum suke kuka da masu satar fasaha a ce su ma da kayan sata suke aiki.

Sai dai fa ƙaura tana da sharuɗɗa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na farko, kada a sauya ana tsakiyar aiki. A kammala na hannu tukuna. Na biyu, a adana ɗanyen hoto da sauti a ma'ajiya biyu dabam-dabam, a kuma fitar da jerin yanke-yanken kowane aiki a tsarin XML ko EDL, waɗanda sauran manhajoji suke karantawa. A sani cewa waɗannan sukan ɗauko yanka da jeri, amma rubutu da ado da gyaran launi sau da yawa sai an sake su. Na uku, a lura da tsarin ma'ajiyar: Windows ba ta karanta APFS na Mac haka kawai, Mac kuwa tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa, exFAT ne dukansu biyu suka yarda da shi. Na huɗu, Resolve tana bukatar kwamfuta mai ƙarfin sarrafa hoto, don haka a gwada ta da ɗan gajeren aiki kafin a sayar da tsohuwar na'ura.

Daga ƙarshe ina kira ga sassan koyar da aikin jarida da wasan kwaikwayo na jami'o'inmu da su koya wa ɗalibai manhaja biyu aƙalla, tare da yadda ake ɗauke aiki daga wannan zuwa waccan. Ma'aikatun gwamnati kuma, kafin su sa hannu a sayen kayan tace fim, su tambayi ɗan kwangila ko za a iya buɗe ayyukan bana nan da shekara goma. Hotunan da muke ɗauka yau su ne tarihin da 'yan baya za su nema, bai kuwa kamata mabuɗinsu ya zauna a aljihun mai gidan haya ba.