An bar jaki ana dukan taiki: motar da ke ja gefe bayan saiti

Makon da ya wuce na ɗauko motata daga wani gareji a nan Maraɗi, bayan an yi mata saitin ƙafafu karo na biyu. Ban kai Jiratawa ba na ji sitiyari yana fizgar hannuna dama, kamar ba a taɓa ta ba. Da na koma, mai garejin ya ce a sake ɗora ta kan na'ura. Na tambayi yaron da ke riƙe da sifana me ke sa mota ja gefe, sai ya ce, "Alhaji, ai saiti ne." Shekararsa huɗu a wurin. Amsar nan ce ta sa ni wannan rubutu, kuma da iyaye da malamai nake, domin ƴaƴanmu ne ke kwance ƙarƙashin motocin nan.

Abin da aka fi taɓawa in an ce saiti shi ne a sa tayoyin gaba su dubi gaba sak, kada bakinsu ya tsuke ko ya buɗe. In wannan ya ɓaci, taya kan cinye ta gefe ɗaya, sitiyari ya karkace, amma da wuya shi kaɗai ya sa mota ta ja. Ko an sake shi sau goma, matsalar na nan inda take.

Mai bincike na gaskiya da abu mai arha yake farawa. Zai fara duba hanya. A Nijar dama muke bi, kuma titi yana da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangare, saboda haka ko lafiyayyar mota kan ɗan zame dama a hankali. Sai iska: a auna tayoyin da ma'auni tun suna da sanyi, a gwada da adadin da ke rubuce jikin ƙofar direba. Mota na ja wajen tayar da iskarta ta yi ƙasa. Mu kuwa har yau da ƙafa ake harbin taya a ce ta yi. Sai a musanya tayoyin gaba, ta dama ta koma hagu. In jan ya juya ko ya ɓace, laifin taya ne, abin da ya zama ruwan dare tunda yawancinmu gwanjo muke saye, kowace da kamfaninta da shekarunta. Lamba huɗu da ke gefen taya na faɗin haihuwarta: 2318 na nufin mako na 23 na shekarar 2018. Sai burki: a yi ƴar tafiya a tsaya, ƙafar da ta fi sauran zafi burkinta na riƙewa, kuma wajenta motar za ta ja.

In duk wannan lafiya lau, sannan a shiga ƙarƙashi. Akwai jinginar taya ciki ko waje, akwai karkatar da ƙafa ke juyawa a kanta. Bambancin rabin digiri tsakanin dama da hagu na iya sa mota ja. A ƙananan motoci da yawa ba a juya waɗannan da sifana, in sun saɓa to wani ƙarfe ya lanƙwashe a rami ko robobi sun mutu, sai canji. Ƙafafun baya ma in sun karkace suna tura mota gefe. Tawa dai a mataki na uku ta tsaya. Na matsa aka musanya tayoyin, na kama hanyar Tibiri, sai ga ta tana ja hagu. Taya ɗaya ce, aikin da bai kai rabin awa ba.

Babu wani sirri cikin jerin nan. Ka zargi abu ɗaya, ka canza shi shi kaɗai, ka gwada, ka duba abin da ya faru. Wannan tunanin ne ya kamata yaro ya baro lakwal da shi, kuma shi ne ba mu ba shi. Malami zai koyar da kusurwa da digiri a allo, yara su haddace su zuba a takardar jarrabawa, ba wanda ya taɓa nuna musu cewa rabin digirin nan na iya jan mota cike da fasinja zuwa bakin titi. Mu iyaye kuma mun maida gareji wurin zubar da yaron da karatu ya ƙi. Mukan ce tunda boko ya gagare shi, a kai shi kanikanci, sai ka ce aikin da ran mutane ya rataya a kansa ba ya son lissafi. Yaron da ba ya iya karanta takardar da na'ura ta fitar, kore kawai yake jira ya gani, ya ce an gama.

Na san abin da za a ce da ni: manyan makanikan garin nan ba su shiga aji ba, kuma da kunne suke gane ciwon inji. Gaskiya ne, ina girmama su, da yawansu ma jerin da na zana suke bi ba tare da sun ba shi suna ba. Amma nawa ne cikinsu ke zaunar da yaro su faɗa masa dalili? Yaro na shekaru yana miƙa sifana da sayo abinci, in ya yi tambaya a ce ya cika surutu. Ranar da ya buɗe nasa wurin, hannun maigidansa zai kwaikwaya ba tare da ya san me ya sa ba. Za a kuma ce masu mota ba sa biyan kuɗin bincike, sai sun ga an kwance ƙarfe. Wannan ma gaskiya ne, kuma laifinmu ne. Ni kaina sau biyu na biya kuɗin saiti ban tambayi komai ba.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Uban da zai kai ɗansa gareji ya bar shi ya iya karatu da lissafi tukuna, ko ya haɗa masa biyun, ya kuma riƙa tambayarsa me ya koya da dalilinsa. Wanda ke da hali ya tuna muna da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a garin nan, da cibiyoyin koyon sana'a. Malamin lissafi ya ari ma'aunin iska da tsohuwar taya ya shigo da su aji, ko ya gayyato makanike ya yi wa yara bayani na awa ɗaya. Mai mota kuma in an ce a sake saiti, ya ce a fara auna iska a musanya tayoyi, ya biya mai aikin hakkin bincikensa ko da bai canza ko ƙusa ba. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya cike take da manyan motoci dare da rana, direban da hannunsa ya gaji da kokawa da sitiyari kuwa gyangyaɗi ɗaya ya ishe shi. Allah Ya kiyaye.