Digirin Agaji Ba Ya Iya Iyo

Da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri cikin dare, kuma samarin unguwa da masu kwalekwale da sojoji ne suka yi ta tsamo mutane. Jami'ar Maiduguri da ABU Zariya suna da cibiyoyin nazarin bala'o'i, amma a jami'o'inmu har yau ana ɗaukar aikin sa-kai da Red Cross tamkar shagalin bayan lacca. Wannan ganganci ne. Rabon abinci ba tare da turmutsitsi ba, da rajistar dubban 'yan gudun hijira, ba a allo ake koyonsu ba. Wajibi ne a ba wannan aiki maki, a kuma mayar da shi sharaɗin karɓar digiri.