WA KE RUBUTA MAGANIN MASASSARA A GANDI?

Jama'a, kowace damina da zarar gero ya rufe ƙasa, sai sauro ya fito karɓar nasa harajin. Daga Gandi zuwa Rabah, daga fadamun shinkafa na Wurno har bakin madatsar ruwan Goronyo, da wuya ka shiga gida uku ba ka iske yaro kwance jikinsa kamar garwashi ba. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi da kanta a 2021 ya nuna cikin yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar a Jihar Sakkwato, wajen 36 na ɗauke da ƙwayar masassara a jininsu, alhali a Legas ba su wuce 3 ba. To, in ka tambayi mahukunta me ya sa har yau ake ba mutanenmu maganin da bai dace ba, amsarsu ɗaya ce: wai talaka jahili ne, wai malaman asibitin ƙauye ba su bin ƙa'ida. Mu ba mu yarda ba. A ƙasar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, ya wallafa littattafai kan magani, nan ne za a ce mutane ba su san darajar magani ba?

Ƙa'idar da suke faɗa mun san ta, bari ma mu karanta musu. A 2005 Nijeriya ta yar da kilorokwin, domin ƙwayar cutar ta saba da shi, aka koma ga haɗin da ake kira ACT: sha shida cikin kwana uku, gwargwadon nauyin mutum, ƙaramin yaro ƙwaya ɗaya kowane sha, babba huɗu, 24 ke nan. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba kowa wannan magani sai an gwada jininsa, da madubin likita ko da ɗan tsinken nan da ake ɗiga wa jinin yatsa, ya ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20. Allura kuwa sai ga wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, mai suma, ko jijjiga, ko aman da ba ya barin magani ya zauna. Fansidar na rigakafin masu ciki ne. Madalla! Takarda ta yi kyau.

Amma fa takarda ba ta warkar da kowa. Malamin asibiti ya san duk wannan, an koya masa, an sake koya masa a tarurrukan da ake yi a otal-otal ana raba kuɗin zama. Sai dai in uwa ta shigo da ɗanta a goye, kanta yake fara dubawa. Ranar da tsinken gwaji ya ƙare, me zai yi? Ya kore ta? Sai ya taɓa goshin yaro ya ce masassara ce. In an dace, to. In kuwa ciwon huhu ne ko sanƙarau ya zo da zafin jiki, an ɓata wa yaron kwana uku yana shan maganin cutar da ba ita ke cinsa ba. Ranar da ACT ɗin kyauta ya ƙare kuma, sai a yago 'yar takarda a ce: "Je ki kemis."

A kemis ɗin nan ne ake yanke hukunci na gaskiya, kuma aljihu ne alƙali. Maigida ya tambayi kuɗin magani, ya ji, ya yi shiru, sa'an nan ya ce a ba shi na abin da ke hannunsa. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin magani ya yi sama, manomi kuwa a watan Agusta rumbunsa ya yi ƙasa, sabon hatsi bai zo ba. Sai a ba shi rabin kati, ko wani tsohon magani mai araha da aka daina yarda da shi shekara 20 da suka wuce. Wanda ya iya sayen kati cikakke ma, da zarar yaro ya tashi a kwana na biyu sai a ɓoye saura don ƙanensa, domin an san gobe shi ne zai kwanta. Wannan jahilci ne, ko kuwa lissafin mai 'ya'ya shida da kuɗin magani ɗaya?

Ba mu wanke kowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Akwai masu shago da ke fifita allura da ƙarin ruwa don sun fi ƙwaya kawo riba, alhali lasisinsu bai ba su ikon soka wa kowa allura ba. Akwai masu ce wa kowane mai zazzaɓi "maleriya da taifot" a haɗe, bisa wani gwajin jini da likitoci suka daɗe da sanin bai isa hujja shi kaɗai ba, don a jibga masa magani kala biyar. Gaskiya ne kuma mutanenmu da yawa sun ɗauka in ba a yi allura ba, ba a yi magani ba, har su ce malamin da ya ba da ƙwaya kurum bai iya aiki ba. To, wa ke da haƙƙin duba shagunan nan? Wa ke karɓar kuɗin lasisi? Talaka ne?

Ga kuma maganar hanya, wadda ba ta cikin littafin ƙa'idar kowa. Mutanen Gandi ba su manta Yulin 2018 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye, waɗanda suka tsira suka kwararo Gandi gudun hijira. Malamin da ya san marar lafiyar da ke gabansa ba lalle ya iya dawowa jibi ba, kuma ba mai mota da zai kai shi Sakkwato da dare, dole ya haɗa masa duk abin da ke hannunsa lokaci ɗaya. Tsoro ne ya rubuta wannan takardar.

Haɗarin bai tsaya ga yaro ɗaya ba. Rabin magani shi ke koya wa ƙwayar cuta taurin kai. An riga an tabbatar ta fara jure wa artemisinin, ƙashin bayan ACT, a Ruwanda da Uganda da Eritiriya. Nijeriya ce ke ɗauke da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu masassara a duniya duka. Ranar da ACT ya bi sawun kilorokwin, manya za su hau jirgi su tafi Masar ko Indiya. Mu fa?

Alkawari kam mun sha shi. A Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka ce za su rage mutuwar masassara da rabi kafin 2010. A 2001, a Abujar dai, suka ce kashi 15 cikin 100 na kasafi zai tafi ga lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa kaiwa ba. Dokar Lafiya ta 2014 ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya don lafiya matakin farko. Ina rabon Gandi? Rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara wata-wata da damina, wanda aka faɗaɗa a Sakkwato a 2015, abin yabo ne, mun yaba. Amma da kuɗin baƙi aka kafa shi, kamar yawancin tsinken gwaji da ACT ɗin kyauta, kuma a 2025 Amurka ta zaftare tallafinta. Zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da muke nema ba mai yawa ba ne. A cika kantar kowane asibiti a Rabah da Wurno da Goronyo da tsinken gwaji da ACT tun kafin watan Yuli, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A manna takarda a ƙofa, da boko da ajami, a rubuta abin da aka kawo, da ranar da aka kawo shi, da wanda yake kyauta. A koya wa masu kemis gwaji, a kuma rufe shagon mai allurar haram. Mu kuwa wakilanmu za su bi asibitocin nan ɗaya bayan ɗaya, su ƙirga abin da ke kanta, mu buga shi a wannan shafi da sunan kowane gari.